Iyakar Izinin Kashe Ƙwari a Lambun Cikin Gida

Tambayar ko ya halatta mutum ya kashe ƙwarin da ke cin shukarsa tambaya ce da mafi yawan jama'a ke ɗauka an riga an gama amsa ta, domin hankali da shari'a sun haɗu a kan cewa wanda ya zubar da gumi ya shuka yana da haƙƙin tsare abin da ya shuka. Sai dai a ƙarƙashin wannan amsa mai sauƙi akwai wata tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato a ina izinin ya ƙare, kuma waɗanne rayuka ne bai shafa ba tun farko. A birnin Gombe wannan magana ta bar zauren karatu ta shiga tsakar gida, saboda tsadar kayan miya ta sa magidanta da matan aure, daga Jekadafari da Bolari har zuwa Pantami da Tudun Wada, suna shuka tumatir da attaruhu da alayyafo da kuɓewa a 'yar kusurwar da gini ya rage, ko a cikin buhunan da aka cika da ƙasa da taki, suna shayar da su da ruwan da sau da yawa saye ake yi. Shukar ba ta daɗewa da yin kyau sai masu cin ta su bayyana: darɓa ta manne a bayan ganye tana tsotsa har ya nannaɗe, farin ƙuda ya cika ƙarƙashin reshe, tsutsa ta huda 'ya'ya, gara ta ci saiwa ta ƙasa. A nan ne mai lambu ke zaɓa tsakanin kwalbar maganin kasuwa da kuma 'ya'yan maina da barkono da tafarnuwa da toka, zaɓin da ake yi wa kallon lissafin kuɗi kawai, alhali yana ɗauke da hukunci a kan rayuka masu yawa, na ƙwari da na mutane.

Gombe ta daɗe da sanin maganin feshi, kuma yadda ya shigo ta yana bayyana dalilin da ya sa hannun mutane ke saurin kai wa gare shi. Tun bayan da aka mayar da hedikwatar masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa zuwa garin Gombe na yanzu a 1919, auduga ce ta ɗaga yankin, har aka kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sannan a 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gombe da tallafin Bankin Duniya, wanda shi da na Funtuwa da na Gusau su ne na farko irinsu a Nijeriya. Auduga shuka ce da ƙwari ke addaba ƙwarai, malaman gona kuma suka koyar da cewa ba ta yin albarka sai da feshi, har famfon da ake goyawa a baya ya shiga jerin kayan aikin manomi tare da fartanya da garma. Daga gonar auduga maganin ya wuce gonar wake, daga nan ya shiga rumbu da shagon ajiyar hatsi, daga ƙarshe ya kai ga lambu da ɗakin kwana. Abin da ya biyo baya a rubuce yake. A 2008 ɗalibai fiye da 120 na wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Doma suka kwanta a asibiti bayan sun ci abincin wake, binciken hukumar NAFDAC kuma ya gano sinadarin lindan, wanda aka fi sani da gamalin, ya yi yawa a cikin abincin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan diklobos da aka samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin Sniper da kuma abin da ake kira fiya-fiya. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni.

Diklobos da danginsa suna aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari da ke cikin jijiyoyi, wanda aikinsa shi ne tsayar da saƙo bayan ya isa inda aka aike shi. Idan aka toshe shi sai saƙon ya yi ta maimaita kansa, jiki ya kama karkarwa, numfashi ya yanke. Wannan sinadari na jijiyoyi yana jikin tsutsar da ake nufi da feshin, yana kuma jikin ƙudan zuma da kwaɗo da kaza da jaririn da ke rarrafe kusa da buhun tumatir, don haka gubar ba ta da hanyar bambance mai laifi da wanda ya zo wucewa. Bayan haka akwai wata illar da ba ta fitowa sai an jima. Ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu, irin su gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro mai kwashe tsutsa ya kai wa 'ya'yansa, ba su kai masu cin ganye yawa ba kuma ba su kai su saurin hayayyafa ba, saboda haka idan feshi ya share kowa, masu ɓarna ne ke riga dawowa, su tarar da fili babu mai tsaro. Kaɗan ɗin da suka tsira daga gubar kuma su ne waɗanda jikinsu ke iya jure ta, su ne ke haifar na gaba, sai ya zama kowace shekara ana buƙatar ƙari. Manoman tumatir sun ga haka a 2016, lokacin da tsutsar da suka sa wa suna sharon, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki a jihohin Arewa, Gombe na ciki, tana ɓuya a tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa inda feshi ba ya kai mata sosai.

Matsayin ƙananan halittu a Musulunci ya fi ƙarfin yadda ake ɗaukar sa a mu'amalar yau da kullum. Surori uku na Alƙur'ani an sa musu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Suratul An'ami ta bayyana cewa masu tafiya a ƙasa da masu tashi da fukafukai al'ummomi ne irin na 'yan Adam. Suratul Isra'i kuma ta tabbatar da cewa kowane abu yana tasbihi ko da mutane ba sa fahimtar tasbihinsa. Abin da ke fitowa daga waɗannan ayoyi shi ne, ƙwaro yana da alaƙarsa da Mahaliccinsa wadda ba ta biyo ta hannun mutum ba, kuma rayuwarsa tana da daraja tun kafin a tambayi ko yana da amfani ga mai lambu. Saboda haka asali a nan shi ne kamewa, kisa kuma shi ne abin da ke neman dalili. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu, cikinsu akwai tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda, an kuma ruwaito cewa ya hana wani mai magani kashe kwaɗo domin haɗa magani, duk da cewa manufar mai maganin alheri ce.

A gefe guda shari'a ba ta ɗaure hannun wanda ake cuta ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci halittu biyar, cikinsu har da kunama da ɓera, waɗanda aka yarda a kashe su ko a cikin Harami, malamai kuma suka fahimci cewa dalilin hukuncin shi ne cutarwa, suka auna duk wani mai cutarwa a kansu. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 kuma almajirai ke karanta shi a zaurukan Gombe har yau, ya kawo mas'alar tururuwa da wani tsari da ya cancanci a tsaya a kansa: ya yarda a kashe ta idan ta cutar kuma aka rasa yadda za a ƙyale ta, sannan ya ƙara da cewa barin ta ya fi soyuwa, ya kuma karhanta kashe kwarkwata da ƙuma da wuta, wato ya mayar da shi abin ƙi ko da bai kai haramun ba. Sharaɗi biyu ne a nan, cutarwa da kuma rashin wata mafita, ga kuma kula da hanyar da ake bi wajen kisan kansa. Mai lambun da ya ɗauko guba tun bai ga ɓarna ba, don dai ranar feshi ta zagayo, bai cika sharaɗin farko ba. Wanda ya ga ɓarna amma bai gwada komai ba kafin gubar, bai cika na biyu ba.

Nassin da ya fi kusa da matsalar feshi shi ne labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na wani annabi daga cikin annabawan farko da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, sai wahayi ya zo masa da zargi a kan ya hallaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Ba a musanta cewa an cije shi ba, ba a kuma ce ya haƙura da cizon ba. Abin da aka zarga shi ne faɗin martanin, yadda hukuncin ya wuce mai laifi ya haɗa da dubban da ba su yi komai ba. Masana ƙa'idojin fiƙihu, wato dunƙulallun dokokin da ake fitar da hukuncin ƙananan mas'aloli daga cikinsu, sun tsara wannan ma'ana a littattafai irin su Al-Ashbahu wan Naza'ir na Jalaluddin Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505 kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas. A wajensu cuta abin gusarwa ce, amma ba a gusar da ita da wata cutar da ta kai ta ko ta fi ta, kuma abin da lalura ta halatta ana auna shi daidai da girman lalurar. Idan aka ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan buhu goma na tumatir a tsakar gida, izinin kisa yana nan daram, amma tsawonsa tsawon ɓarnar ne, ba ya wuce ta zuwa ga ƙudan zuman da ya zo kan furen kabewa ko kwaɗon da ke kwana a gindin randa.

Akwai kuma wata matsalar tunani da ke gaban duk wannan, ita ce cewa babu halittar da ɓarna ta zama ainihinta; ɓarna alaƙa ce tsakanin halitta da wata buƙata ta mutum a wani wuri da wani lokaci. Fara annoba ce a gonar gero, amma halal ce, ana soya ta ana sayarwa a kasuwa. Gara tana cin saiwar tattasai da azarar ɗaki, amma a Burkina Faso da yankin Tawa na Nijar manoma suna haƙa ƙananan ramuka su zuba taki domin su jawo ta da gangan, ta huda fako ruwa ya samu hanyar shiga, hanyar da Yacouba Sawadogo ya yi suna wajen yaɗa ta. Tsutsar da ke cin ganye yau, gobe tana iya zama malam-buɗe-littafi mai kai garin fure daga wannan shuka zuwa waccan. Tunda laifin na alaƙa ne, ana iya magance shi ta hanyar raba alaƙar ba tare da an shafe halittar ba, wato a hana ƙwaron cin wannan ganye, ko a karkatar da shi wani wajen. Wannan shi ne aikin da tsirrai suka fi gubar kasuwa iyawa.

Bishiyar maina, wadda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, ita ce babbar hujja a nan, kuma tana tsaye a ƙofar gidaje da bakin tituna da harabar makarantu a ko'ina cikin Gombe. Asalinta Indiya ne da maƙwabtanta, an shigo da ita lardin Borno a 1928, ta bazu saboda jure fari da yalwar inuwa. A 1959 wani masani ɗan Jamus mai suna Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar maina, a 1968 kuma masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki daga ƙwayar 'ya'yanta, aka sa masa suna azadiraktin. Aikinsa iri biyu ne. Na farko yana sa ƙwaro ya ƙi cin ganyen da aka fesa wa, ya tashi ya nemi wani abincin. Na biyu, idan tsutsa ta ci, yana rikita sinadaran da ke ba ta umarnin saɓa fata, ita kuwa tsutsa ba ta girma sai ta saɓa, don haka ba ta kai matsayin da za ta hayayyafa ba. Tunda yawancin aikin yana bi ta cin ganye ne, masu farautar ƙwari irin su gizo-gizo sukan tsira fiye da yadda suke tsira daga gubar kasuwa. Tunda kuma hasken rana yana rusa shi cikin 'yan kwanaki, ba ya zama a jikin alayyafo har ya kai tukunya yadda lindan ke zama. Haɗa ruwan maina ba ya buƙatar komai sai haƙuri: a tsinto 'ya'yan da suka faɗo ko waɗanda jemagu suka tsotse suka yar, a wanke, a shanya a inuwa don kada su yi fumfuna, a ɓare, a daka ƙwayar, a jiƙa kimanin giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi kuma ƙudan zuma ya koma amya, a tabbatar an jiƙa bayan ganye inda darɓa ke zama. Ganyen ma yana aiki amma bai kai ƙwayar ƙarfi ba. Dole a maimaita bayan kamar mako guda, kuma ba za a wayi gari a ga gawarwaki a ƙasa ba, abin da ke sa mutane da yawa su ce bai yi aiki ba. Wannan rashin ganin gawa shi ne ainihin falalarsa a mahangar shari'a, domin buƙatar mai lambu ita ce ganyensa ya tsira, mutuwar ƙwaron ba ta cikin abin da lalura ta nema.

Sauran tsirran da ake amfani da su sun bambanta wajen ƙarfin hujja, kuma gaskiya ta hana a jera su a sahu ɗaya. Jiƙon barkono da tafarnuwa yana korar ƙwari masu laushin jiki na ɗan lokaci. Shuka ɗoɗɗoya ko albasa a tsakanin tumatir yana iya rikita ƙwaron da ke bin ƙamshi ya gano abincinsa, amma ragewa yake yi, ba katanga ba ce. Furen marigol kuwa an tabbatar saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwar kuɓewa da tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, da sharaɗin a cika wurin da shi na kamar wata biyu kafin a dasa kayan miya. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe a Kenya ta kai wannan tunani matakin gona tun shekarun 1990, inda ake shuka wani ɗan'uwan wake mai suna desmodiyam a tsakanin masara yana korar ƙwaron da ke huda kara, a kewaye gonar da ciyawar da ke jawo shi ya yi ƙwai a kanta. Manomin ƙasar Hausa da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, da tsohuwar da ke cakuɗa irin wake da toka kafin ta rufe tulu, sun riga sun san asalin wannan hikima ta hanyar gado.

Tururuwa tana kawo mas'ala mai wuya wadda ke gwada duk abin da ya gabata, domin ita ce aka hana kashewa, kuma ita ce ke tsaron darɓa. Darɓa tana fitar da wani ruwa mai zaƙi bayan ta tsotsi ganye, tururuwa da kiyashi kuma suna kiwon ta saboda wannan ruwa kamar yadda makiyayi ke kiwon saniya don nono, suna korar duk ƙwaron da ya zo cin ta. Wanda ya tsaya a kan zahirin hani zai bar kuɓewarsa ta mutu, wanda ya tsaya a kan zahirin izini zai tsiyaya guba a ramin tururuwa. Amma idan aka wanke darɓar da ruwan sabulu da na maina, aka zagaye gindin shukar da busasshiyar toka, tururuwa takan rage hawa domin abin da ke kawo ta ya ƙare, kuma an kai ga abin da mai Risala ya ce ya fi soyuwa ba tare da an yi asarar shuka ba. A irin wannan wuri ilimin halayen ƙwari yana zama sharaɗin aiki da fiƙihu, tunda ba wanda zai ce ya rasa mafita alhali bai san yadda abin yake gudana ba.

Dole ne a yi gargaɗi a kan wani kuskure da ke yawo a bakin masu son magungunan gargajiya, cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Ruwan taba guba ne mai ƙarfi da ke shiga ta fata ya kuma kashe ƙudan zuma; majimfa da ake dakawa a zuba a ruwa tana kashe kifin tafki baki ɗaya; nonon tumfafiya yana lahanta ido; 'ya'yan zurma da na binidazugu suna iya hallaka yaro idan ya ci. Man maina ma an san yana da haɗari ga ƙananan yara idan suka sha. Wasu daga cikin magungunan feshi na zamani an kwaikwayo su ne daga sinadarin wani fure da ake nomawa a Kenya. Shari'a ba ta tambayar ko abu daga bishiya ya fito ko daga masana'anta, tunda duka biyun daga halittar Allah suke. Tana tambayar wa zai cutar, har zuwa ina, kuma na tsawon wane lokaci. Maina ta cancanci fifiko saboda cutarwarta gajeriya ce kuma mai zaɓe, taba kuwa ba ta cancanta ba ko da a bayan katanga aka tsinko ta.

Mai amfani da tsirrai dole ya yarda da wata asara, domin alayyafonsa zai fito da 'yan huji, wasu tumatir ɗin kuma za su lalace. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa duk abin da aka ci daga shukar Musulmi, mutum ne ya ci ko dabba ko tsuntsu, har da abin da aka sace, ana rubuta masa shi sadaka, wannan kuwa yana sauya lissafin daga tushe, tunda abin da ya fita daga kwando bai fita daga littafin lada ba. Amma ba a fahimci hadisin a matsayin umarnin sakaci ba, domin tozarta dukiya haramun ne, kiyaye ta kuma yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a da Gazali da Shaɗibi suka yi bayani, tare da kiyaye addini da rai da hankali da zuriya. Wanda ya naɗe hannu tsutsa ta cinye abincin iyalinsa yana cewa tawakkali yake yi ya saɓa wa koyarwar ɗaure raƙumi kafin dogaro ga Allah. Sai dai a cikin manufofin nan rai yana gaba da dukiya, don haka idan kare tumatir zai jefa lafiyar yaran gida cikin haɗari, an juya tsarin a kife.

Haƙƙin maƙwabci da na mai saye ya fi haƙƙin ƙwaro nauyi, kuma a cikin birni ba a iya raba su da maganar feshi. A unguwannin da katanga ɗaya ke raba gida biyu, iska tana ɗaukar feshi ta tsallakar da shi kan shanyar maƙwabta da kwanon ruwan kajinsu, kwalbar da ta ƙare kuma takan faɗa hannun yara ko a wanke ta a zuba wani abu. Kowane maganin feshi yana da kwanakin jira, wato adadin kwanakin da dole su wuce tsakanin feshi da tsinka, kuma wanda ya fesa yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa ya ɓoye aibin da mai saye ba shi da hanyar gani, abin da ya yi daidai da labarin mai tsibin hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa Annabi ya tsawatar masa. Abin takaici ne ƙwarai cewa mai saye shi ma yana da hannu, domin ganye mai sheƙi marar huji yake zaɓa ya bar wanda ƙwaro ya taɓa.

Kiristocin Gombe ma suna da madogara makusanciya da wannan fahimta, domin Littafin Farawa ya ba da labarin ajiye mutum na farko a cikin lambu da aiki biyu, nomawa da kiyayewa, Littafin Firistoci kuma ya yi umarni da hutar da ƙasa a shekara ta bakwai, abin da ta tsirar ya zama rabon mutane da dabbobin gida da na daji. A can nesa, mabiya addinin Jain a Indiya sun tsananta har da yawansu suka guji noma don kada garma ta kashe abin da ke cikin ƙasa, matsayin da ba zai ciyar da gari ba idan kowa ya bi shi.

Abin da ya dace da buhu goma a tsakar gida ba a ɗora shi kai tsaye a kan mai hekta biyar ta wake a Kwami ko Akko, ko mai shinkafa a ƙarƙashin madatsar Dadin Kowa, domin lalurarsa ta fi girma, dakan 'ya'yan maina da zai ishi gonarsa kuma aiki ne mai yawa. Izininsa ya fi faɗi daidai da faɗin ɓarnar da ke fuskantar sa, ko da yake sharaɗin yana nan a kansa. A fannin ajiya mafita ta samu, tunda buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, mai leda biyu masu kauri a cikin buhu na uku, yana hana iska shiga har ƙwaron wake ya daina ci da hayayyafa ba tare da ɗigon guba ba, wanda ya san da shi kuma yake da halin saye ba shi da sauran uzurin zuba fiya-fiya a abincin mutane. A fannin gona kuwa fiƙihu yana buƙatar lamba daga masana, domin ya ce a kashe idan an cutar, amma bai faɗi tsutsa nawa a kan shuka ɗaya ne ke zama cutarwa ba. Masana a Kalifoniya sun tsara wannan ma'auni a 1959, wato yawan ƙwarin da idan aka kai shi asarar da za a yi ta fi kuɗin magani, ƙasa da shi kuma feshi hasara ne ko a lissafin kasuwa. Fitar da irin wannan ma'auni ga tumatir da kuɓewa da wake a yanayin Gombe, da auna ƙarfin ƙwayar maina tunda yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, aiki ne da ya hau kan Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da ke Dadin Kowa da Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, sannan a fassara sakamakon zuwa mudu da cokali da bokiti, a kai shi gidajen rediyo da majalisun karatu da makarantun Islamiyya na matan aure, inda mafi yawan masu lambun cikin gida ke zuwa.